Tsohuwa Ta Fara Harbi

Litinin, 1 ga Yuli

Tsohuwa, motata, ta fara harbi. Da safe na yi lodi a wurin Mai Katako, ina hawa tudun bayan kasuwa na taka totur, sai na ji fau! daga cikin bonet. Ba ta salansa ba, ta gaba. Motar ta yi kamar za ta mutu, ta sake kamawa. Wata mai sayar da lemo ta zabura har farantinta ya kife. Na ba ta haƙuri ta taga, ko kallona ba ta yi ba.

Motar nan ta girmi autata, kuma ban taɓa jin ta yi haka ba. Ko ta taɓa yi, an gyara kafin in sani.

Na dafa shayi na manta da shi a kan tebur har ya huce.

Laraba, 3 ga Yuli

Ta sake, ba sau ɗaya ba. Da sanyin safiya ta fi yi. In ina tafiya a hankali lafiya lau, sai na taka totur da sauri, ko ina hawa da kaya.

Na bi ta gaban garejin Dogo. Masu wankin mota ne a wurin yanzu. Ramin da yake shiga ƙarƙashin mota an cike shi da siminti. Bencin da nake zama yana nan, sun kife bokitai a kai.

Ni direba ne, sitiyari na sani. Ina buɗe bonet in duba ruwa da baƙin mai in rufe, sauran na Dogo ne tun muna samari. Kullum maganarsa, kai tuƙa, ni in saurara. Gajere ne na gaske, shi ya sa sunan ya bi shi. Sai ya taka akwati yake leƙa injin Tsohuwa. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi farkon shekara bai ƙara riƙe sifana ba. Magana ma ta tafi.

Alhamis, 4 ga Yuli

An wuni ana ruwa. Ban fita ba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Na kai ta sabon garejin nan na bakin titi. Mai wurin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Ya fito da na'urarsa, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai jona, babu. Dariya muka yi mu duka biyu. Ya ce, Baba, gaskiya ban taɓa kwance kafireto ba, ba zan koya a kan motarka ba. Ya ce sunan abin bakfaya, wuta ce ke komowa baya ta bakin kafireto maimakon ta tsaya cikin inji. Dalilan suna da yawa: fulogi, waya, taimin, ko mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa. Ya ce in nemi wani tsohon hannu.

Na ce to. Ban ce masa ina da shi ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na canza fulogai da kaina. Wautar da na yi, na zare wayoyin duka lokaci guda. Da na mayar na tayar, sai ta shiga rawa tana harbi gaba da baya, har Tela maƙwabcina ya leƙo ta katanga da almakashi a hannu, wai ya ɗauka tukunyar gas ce ta fashe.

Na wuni ina juya wayoyi. Can da yamma na goge murfin distributa da tsumma, sai ga 'yan zane-zane a jikinsa, an karta da ƙusa, kowane rami da alamarsa. Hannun Dogo. Ya san wata rana wani sakarai zai zare su duka.

Na bi alamun, ta koma yadda take jiya. Wato tana harbi, amma ta gaba kaɗai. Wai ci gaba ke nan.

Talata, 9 ga Yuli

Na cire matatar iska don in ga abin da idona. Na sunkuya, na ja totur da hannu. Wuta ta fito daga bakin kafireto, shuɗiya, ta lashe min rabin gira.

Na zauna a ƙasa ina dariya, har na juya wajen ƙofar kicin zan ce zo ki ga mijinki. Labulen ma ba ya motsi. Uwar yara ta kusa shekara a ƙasa, amma bakina bai gama yarda ba.

Na wanke fuska. Ƙaurin gashi bai bar hancina ba har yanzu.

Laraba, 10 ga Yuli

Babban ɗana ya kira. Tela ne ya kai masa labari, na sani. Ya ce, Baba, me ake da motar da ke tofa wuta? A sayar wa masu ƙarfe, ka dawo wurinmu, ga ɗaki an gyara.

Na san ɗakin. Hawa na uku, tagar tana kallon bangon wani gida. Shi da matarsa su fita da safe, yara su tafi makaranta, ni da talabijin. Ba mugunta yake nufi ba, yaron kirki ne. Amma a nan ko ba komai in na tashi da safe akwai inda ake jira na.

Na ce zan yi tunani. Ya ce haka na ce wancan karon.

Juma'a, 12 ga Yuli

Jiya da yau ina kan kafireto. Na buɗe samanta, na wanke da fetur, na hura 'yan ramukan da baki har kaina ya yi ciwo. Na canza matatar mai. Wani ɗan sifirin ya yi tsalle ya ɓace, na yi ta rarrafe a tsakar gida ina shafa ƙasa. A cikin takalmina na same shi.

Na haɗa. Na tayar. Fau.

Asabar, 13 ga Yuli

Ta mutu min a tsakiyar mahaɗa da kaya a baya. Hon ta ko'ina. Masu babur suka taimaka aka tura ta gefe, ɗaya yana cewa, Baba a kai ta gidan tarihi mana.

Da na koma, Mai Katako ya ja ni gefe. Ya ce, Direba, ba don komai ba, masu kaya suna ƙorafin jinkiri. Ka huta ka gyara ta sosai, wurinka yana nan. Yana magana yana kallon ƙasa. Lodin yamma wata farar mota aka ba.

Burodi na ci a tsaye. Ban ga amfanin fito da faranti ba.

Litinin, 15 ga Yuli

Na je kantin magani sayen na hawan jini, sai ga Uwargida, matar Dogo. Babu hanyar kaucewa, kantin ƙofa ɗaya gare shi.

Ta ce, Direba, ashe kana gari? Na ce aiki ne ya yi yawa. Ta kalli girata, ta kalli hannuwana.

Ta ce kalma ɗaya ta rage a bakin Dogo, haba. Da ita yake neman ruwa, da ita yake godiya, da ita yake faɗa. Ta ce duk babbar motar da ta wuce sai ya juya kai wajen ƙofa. Ran Asabar da safe ka bi ta bakin layinmu, ko? Na ce e. Ta ce ya ji harbin. Ya yi ta haba, haba, yana dukan kujera, har ta ɗauka jikin ne ya tashi.

Sau ɗaya na je duba shi, a asibiti. Warin ɗakin irin na inda uwar yara ta kwanta. Bakinsa ya karkace, yawu yana zuba, idonsa a kaina. Duk zamanmu shi ne mai surutu, ni mai cewa haka ne. Da ya yi shiru sai na rasa abin da zan amsa. Na ce zan dawo gobe.

Ta ce, ba sai ka yi magana ba, ka kawo motar kawai.

Talata, 16 ga Yuli

Na je.

Yana baranda a kujerar roba, an rufe masa ƙafafu da zane. Ya rame, ya ƙara zama ɗan ƙarami. Na gaishe shi. Bai kula gaisuwar ba. Girata ya kalla, ya daɗe yana kallo, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake yi da rabin baki. Haba! in ji shi. Na ce kai ma da ka ga wutar da ka gudu.

Na shigo da Tsohuwa har bakin barandar. Ya rufe ido yana saurare, kamar da. Ya ɗaga yatsa, na taka totur, ta harba. Ya murɗa hannun hagu a iska. Na ce famfo? Haba. Uwargida ta ce shayi? Haba! Da ƙyar na gane distributa yake nufi, in sassauta in juya, wato taimin. Na riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ina kallon yatsansa har ya dunƙule hannu. Na ɗaure.

Na zagaya layi na dawo. Tun ban kai kwana ba ta harba, kuma na san ya ji.

Na tarar ya juya fuska ga bango. Hannun nan mai lafiya yana ta murza zane. Na ce ai ta ragu. Ƙarya ce, ya fi ni sani. Uwargida ta ce a bari haka, ya gaji.

Da ma ban je ba. Mutumin da bai taɓa kuskuren inji a gabana ba, na je na nuna masa har wannan ma ya tafi.

Laraba, 17 ga Yuli

Ban je ba. Na share tsakar gida, na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Alhamis, 18 ga Yuli

Uwargida ta kira da hantsi. Ta ce, Direba, zo ka ɗauke min rigimar da ka haɗa. Tun jiya ya ƙi cin abinci, sai nuna ƙofa, sai toshe bakinsa da hannu yana zare min ido. Ni dai ban yi makarantar kurame ba.

Na je. Ina tayar da mota ya nuna matatar iska, na cire. Ya ɗora tafin hannu a bakinsa, ya nuna kafireto. Na ce in toshe ta? Ya gyaɗa kai. Na ce kana so ɗaya girar ma ta tafi? Haba, ya ce, a hankali, irin yadda ake lallashin yaro.

Motar tana silo, wato injin yana aiki a tsaye, na rufe rabin bakin da tafin hannu, jikina a baya. Na zaci za ta shaƙe ta mutu. Sai ma ta ƙara lafiya, rawar ta ragu, sautin ya daidaita. Na ɗaga hannu, rawa ta dawo. Na kalle shi. Yana ta gyaɗa kai, ya ja iska ta gefen bakinsa da ya karkace, fiii, ya nuna injin.

A nan na gane. Na toshe ƙofa amma ba ta rasa numfashi ba, ashe tana shan iska ta wani wuri. Iska ta fi mai yawa, wutar ba ta ci da kyau, shi ne take komowa ta baki. Na faɗa da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Ya ɗaga min babban yatsa.

Saura a ina. Ya yi ta nuna bayan gida, muka yi ta kawo abin da ba shi ba, bokiti, tsani, tsintsiya. Ashe tiyon da Uwargida ke ba shukokinta ruwa yake so. Ta ce wallahi ba a isa ba. Ta kawo wuƙa da kanta ta yanka.

Muka ja kujerarsa har jikin mota. Ya sa baki ɗaya na tiyon a kunnensa, ni na riƙe ɗayan ina bin injin da shi a hankali: gindin kafireto, gefe, ƙasa, kowace mahaɗa. Ba ni jin komai sai ƙarar inji. Shi ido a rufe. Ya ɗaga yatsa in matsa, ya sauke in tsaya. Mun daɗe a haka, bayana ya ƙage. Ba wanda ya yi magana, kuma ban ji nauyin shirun ba.

Da na zura hannu can baya, kusa da bangon da ya raba inji da direba, sai ya daka tsawa. HABA! Har kajin maƙwabta suka watse.

Wani ɗan baƙin tiyo ne da ke tafiya wajen birki. Ta sama lafiyarsa lau. Na juya shi, ƙasansa ya tsage kamar diddige. Na ɗora yatsa a kan tsagar, na ji tana tsotsa, injin ya yi luf.

Dogo ya sauke tiyon daga kunne. Hawaye ne a ido ɗaya, ko ciwon ne ke sa shi, ban tambaya ba. Uwargida ta shige ciki da sauri, wai ta bar abu a wuta.

Ya ci abinci. Ni ma an zuba min, a faranti.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na sayo sabon tiyo na sa a gabansa. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba. Muka mayar da taimin inda yake da. Da na zo juyawa ya kawar da kai kamar ba shi ya ce a taɓa ba. Na ce wani bakanike ne ya ɓata min shi ran Talata. Ya jefe ni da tsumma.

Ni da maƙwabcinsu muka ɗaga shi muka sa a gaba. Ba nauyi ko kaɗan, abin ya tsaya min a rai. Muka fita har bayan gari inda hanya ke hawa. Na sa giya, na taka totur har ƙasa. Ta tafi sumul, ko tari babu. Ya ɗora tafin hannu a kan dashbod yana jin ta, iska tana kaɗa masa riga. Uwargida ta ce rabonsa da wuce bakin layi tun da aka sallamo shi.

Da na sauke shi ya riƙe min hannun riga, ya daɗe bai saki ba. Na ce to, an gama, Allah ya saka. Bai ce haba ba.

Litinin, 22 ga Yuli

Mai Katako ya ba ni lodi biyu. Ya ce ya ji muryar Tsohuwa ta dawo. Lafiya lau muka je muka dawo.

Gida shiru.

Laraba, 24 ga Yuli

Babban ɗana ya kira. Na ce mota ta gyaru. Ya ce to ai ba motar ce kaɗai ba, Baba, kai kaɗai a gidan nan, in wani abu ya same ka wa zai sani? Na ce Tela yana nan, ai ba ya barin labari ya kwana. Ya yi dariya, amma ya ce zai sake tayar da maganar.

Na bi ta bakin layin su Dogo da yamma. Na rage gudu. Me zan ce na zo yi? Na wuce. Sai da na yi nisa na tuna ya san ƙararta.

Alhamis, 25 ga Yuli

Girar ta fara tsirowa, fara fat.

Asabar, 27 ga Yuli

Jiya ina dawowa na ji kamar wata 'yar ƙara a baya, ƙis-ƙis, in na taka rami. Ban tabbata ba. Gara dai a duba tun ba ta girma ba.

Na kai wa Dogo ita yau bayan na sauke kaya. Ya rufe ido, na yi ta jijjiga motar, na shiga na fita. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya daɗe, kamar ranar gira. Sai ya nuna tayar baya da muhimmanci, ya sa na kwance ta, na duba, na mayar. Ya sa na kwance ɗayar ma. Ba mu ga komai ba. Uwargida ta fito da shayi tana cewa, wannan ƙara dai ku biyu kaɗai ke jin ta.

Har rana ta yi sanyi muna baranda. Na ba shi labarin mai na'ura da ya rasa inda zai jona, da sifirin da ya shige takalmi, da abin da ɗana ke so. Ban san ina da surutu haka ba. Shi kuma haba, haba, kowace da irin tata, kuma yawanci ina gane wacce ce.

Ƙarar dai ba a gano ta ba. Ya nuna da yatsa in dawo Litinin, wataƙila sai mota ta yi sanyi. Na ce sai in na samu lokaci.

Zan tafi da sukari, na ga nasu ya kusa ƙarewa.